Maigida ya ce mu biyo shi Kalaba, Umma ta ce garin ruwa ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gwammaja, 'ya'yana uku. Bara aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kalaba, yanzu ya ce ya gaji da zaman gwauranci, in tattara yara mu koma. Babban ɗana shekararsa 7 kuma yana da asma. Ummata ta ce ba da yawunta ba, wai garin ruwa ne, sanyi zai kama ƙirjin yaro. Shi kuma maigida cewa yake can babu ma zafi irin na Kano, amma da bakinsa ya gaya min takalmansa na fata sun yi kore a ƙarƙashin gado. Ina ɗinki a gida, kekunana biyu, ga sauran kayan lefe da ban ɗinka ba. Na rasa maganar wa zan bi. Don Allah a ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ya bar ki da mijinki.

Cikin duk abin da kika rubuto, takalman nan da suka yi kore su ne suka faɗi gaskiya tsantsa. Umma ta yi daidai da ta ce garin ruwa ne, sai dai ta saɓa a maganar sanyi. Maigida kuma ma'aunin zafi zai goyi bayansa, jikinki ne zai ƙaryata shi tun makon farko. Abin da za ki zauna da shi a Kalaba dare da rana danshi ne, iska mai ɗauke da ruwa wadda ba ta barin komai ya bushe yadda kika saba. Idan kika gane wannan, tsoron da ya dace ki ji zai bambanta da wanda ake tsorata ki da shi.

Bari mu fara da ruwan. A nan Kano abin da muke samu a yawancin shekaru yana tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne tsakiyarsa. Kalaba tana samun wajen milimita 3,000, wato ninkin namu uku. Abin da ke zuba mata a Yuli da Agusta kaɗai ya yi kusan daidai da namu na shekara guda. Daminarsu tana somawa tun Maris, lokacin da mu muke shiga bazara, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Ko a Disamba da Janairu da suke kira rani, a kan yi ɗan yayyafi jefi-jefi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da ruwa, ɗayar daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ita ce mai kawo mana ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi take tashi. Iskar teku sai ta ratso ƙasar gaba ɗaya kafin ta iso mana, ta yi mana wata huɗu ko biyar ta juya. Kalaba kuwa a bakin ƙofarta take, garin ma tsakanin koguna biyu yake zaune, Kogin Kalaba da Babban Kwa, ga dazuzzukan gaɓar ruwa kewaye. Hunturu yana leƙa su na 'yan makonni, ya sa sama ta yi hazo-hazo, ya wuce. Kuma kada ki ɗauka su ne ƙarshen masu ruwa: maƙwabtansu na Debunsha, a gindin Dutsen Kamaru, suna samun kusan milimita 10,000 a shekara, kuma mutane ne ke zaune a wurin suna haihuwa suna renon yara.

Yanayin saukar ruwan ma daban ne. A farkon damina da ƙarshenta irin namu ne, hadari ya haɗu, a yi iska da tsawa, a zuba, a ɗauke. A tsakiya kuwa sai a wuni a kwana ana yi a hankali, wani lokacin kwana biyu ko uku ba a ga rana sosai ba. Mu nan idan an tashi da ruwa uzuri ne, ɗan makaranta ya makara, mai shago ya buɗe da hantsi, ba mai cewa komai. Can wanda ya ce zai jira ruwa ya ɗauke ba zai fita ba sai Nuwamba. Lema da rigar ruwa da takalmin roba suna cikin kayan makarantar yaro kamar littafi da biro.

To sanyin da Umma take tsoro fa? Ki kwantar mata da hankali, domin jikanta ya sha sanyin da ya fi na Kalaba a nan Gwammaja. A daren Disamba da Janairu ma'auni yana sauka mana zuwa digiri 13 ko 14, wani lokacin ƙasa da haka. A Kalaba dare yana tsayawa ne wajen 22 zuwa 24 kusan shekara gaba ɗaya, babu daren da za ki nemi bargo mai nauyi. Da rana kuma yakan kai 32 ko 33 a Fabrairu da Maris, waɗanda su ne watannin zafinsu, ya sauko wajen 28 a tsakiyar damina. Limoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, saukar ruwan sama ba ya haifar da ita. Abin da ake kiyayewa shi ne kada yaro ya wuni da jiƙaƙƙun kaya a jiki, wannan kuwa ko a Kano haka ne.

Nan maigida zai ce kin ji ko, ai na faɗa. Ya dakata. Gaskiya ne ba za ki ga digiri 40 ko 41 irin na Afrilunmu ba, amma jiki ba da lambar ma'auni kaɗai yake aiki ba. Hanyar da Allah ya yi wa jiki ta sanyaya kansa ita ce zufa ta fito ta bushe, bushewar ce ke tafiya da zafin. Aikin randa ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ruwan randa yake yin ƙarara a bazara, lokacin da danshin iskarmu yake ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Kalaba danshi yana haura kashi 80 a yawancin watanni, da asuba ma ya fi haka. Iskar ta riga ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar zufarki, sai ta zauna a jiki ta manne da riga. Masana yanayi suna da lissafin wannan: digiri 32 a danshin kashi 70, jiki yana jin sa kamar 41. Za ki fito daga wanka ki goge jiki, kafin ki gama sa kaya kin sake jiƙewa. Dare kuma ba ya hucewa da asuba kamar yadda namu yake yi.

Ana sabawa. Jiki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ya daidaita. Amma akwai abubuwan Kano da ba za su yi miki aiki ba. Na'urar sanyin nan da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, wadda take cetonmu a bazara, ki bar wa Umma ita, can ƙara jiƙa ɗaki kawai za ta yi. Fanka ce abokiyar zama, ki nemi mai caji saboda ɗauke wuta. Idan akwai halin esi, amfaninsa biyu ne domin yana tsotse danshin ɗaki. Masu sola kuma su sani a Yuli da Agusta gajimare yana rage mata ƙarfi sosai, ba kamar ranar Kano ba. Hijabin roba mai kauri da shadda mai sitaci ki ajiye su don fita ta musamman, auduga mara nauyi ita ce ta yau da kullum. Basilin da muke laftawa a hunturu shi ma ki sassauta, musamman ga jaririnki, yana toshe fata ya kawo ƙurajen zafi. A shanye matsematsin jiki da tsakanin yatsun ƙafa bayan wanka da alwala, saboda ƙyasbi da makero da cin ruwa suna son wurin da ba ya bushewa. Kada ki rufe kitso da ɗankwali alhali da sauran lema a kai. Ladan da za ki samu shi ne faso da kaushi da tsagewar leɓe da haɓon yara za su zama labari.

Yanzu maganar da ta fi komai nauyi, ƙirjin yaro. Ba zan ce miki Kalaba za ta warkar da shi ba, ba kuma zan ce za ta kayar da shi ba, domin masu asma ba abu ɗaya ke tayar musu ba. Akwai yaran da ƙura da busasshiyar iska mai sanyi ne abokan gabarsu, su ne ake kwana da su a asibiti daga Disamba zuwa Fabrairu. Irin waɗannan sau da yawa suna samun sauƙi a gaɓar teku. Akwai kuma waɗanda abin da ke shaƙe su yana cikin ɗaki ne: funfuna, kyankyaso, da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama a katifa da matashi da kafet. Waɗannan ƙwarin ba sa shan ruwa, daga iska suke tsotsar sa, don haka bushewar Kano tana rage su, danshin Kalaba kuma yana raya su shekara gaba ɗaya. Yaron da wannan ne matsalarsa zai iya ƙara shan wahala a can idan ba a gyara ɗaki ba.

Ke ce kika fi kowa sanin wanne ne naki. Ki zauna ki tuna shekaru biyu ko uku da suka wuce. A wane wata aka fi kai shi asibiti? Da hunturu ne, ko a Agusta lokacin da bango yake jiƙewa? Yana tashi idan ana shara ko ana kakkaɓe kafet? Idan ya kwana a gidan kakarsa a tsohuwar katifa fa? Ki rubuta wannan ki kai wa likitan da ke duba shi, ki gaya masa ƙarara cewa ana shirin komawa Kalaba. Ki roƙe shi ya rubuta miki takarda mai ɗauke da tarihin ciwon, sunayen magunguna da adadinsu, da abin da za a yi idan numfashi ya sarƙe cikin dare. A tafi da abin shaƙarsa da na ajiya. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba a garin, maigida ya je ya buɗe wa yaro kati tun kafin ku iso, kada ranar da ciwo ya tashi ta zama ranar tambayar hanya.

Akwai wata magana da na san ba za ki so ba. Na san dabarar mata idan ɗaki ya fara warin danshi: a ɗauko kasko a turara. Turaren wuta yana rufe wari, ba ya kashe funfuna, hayaƙinsa kuma yana cikin abubuwan da ke tayar da asma. Haka maganin sauro mai hayaƙi. Idan dole sai kin turara kayanki, ki yi lokacin da yaro yake makaranta, tagogi a buɗe, ba a ɗakin da yake kwana ba.

Rabin lafiyar yaron nan tana wajen zaɓen gida, kuma wannan aikin maigida ne, kada ya kama wuri don kawai yana kusa da ofis. A guji gangare da bakin kwari, garin yana fama da zaizayar ƙasa da kwanciyar ruwa a wasu unguwanni. A duba gindin bango daga waje da ciki: idan fenti yana ɓarewa daga ƙasa ko akwai baƙin tabo, ruwa yana hawa bangon. A ɗaga kai a dubi silin. Sabon fenti a gidan haya ba shaida ba ne, a tambayi maƙwabta yadda layin yake kasancewa a Yuli. Bene ya fi ƙasa, ɗaki mai tagogi biyu masu fuskantar juna ya fi babban ɗaki mai taga ɗaya. Kafet ɗin nan na bango zuwa bango da muke ji da shi, ki haƙura, tayil ko leda da za a goge kullum su ne daidai. Katifa a kan gado, ba a ƙasa ba, a ja gado da wadirob su bar bango da kamar taƙi ɗaya don iska ta ratsa. Duk ranar da rana ta fito sosai, ranar shanya katifa da matasai ce, zanen gadonsa kuma a wanke duk mako da ruwan zafi.

Kayan lefenki sun fi zama lafiya a Kano. Atamfa da leshi da aka ninke a akwati aka rufe wata shida a can, za ki buɗe ki tarar da ɗigo-ɗigon baƙi da wanki ba ya fitarwa. Ki tafi da abin da za ki ɗinka cikin 'yan watanni, sauran ki bar su a ɗakin Umma, ita ma za ta ji daɗin cewa da sauran ƙafarki a gida. Takalma da jakunkunan fata su ne funfuna ta fi so, a ajiye su a fili, ba cikin leda ba, a riƙa gogewa. Kekunanki za su yi tsatsa idan kika yi musu irin kulawar Kano: mai a kai a kai, a goge, a rufe da ƙyalle, allurai da almakashi a cikin gwangwani mai murfi. Takardun makaranta da na haihuwa a roba mai rufewa gam.

Wanki kuwa sabon darasi ne. Rigar da take bushewa kafin ki gama shanya sauran a nan, can tana iya kwana biyu a igiya. Ki nemi gida mai baranda ko rumfar shanya, ki riƙa wanki kaɗan-kaɗan, a ƙara wa yara kayan makaranta su zama biyu ko uku. Kada a shanya a ƙasa ko a kan ciyawa, kuma a goge komai da dutsen guga har kamfai da kayan jariri. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, tsutsar ta shiga fata ta yi kamar maruru, zafin guga ne yake kashe ƙwan.

A kicin ma sai kin sauya hannu. Mu mun saba a sayi buhu a ajiye, kuka da kuɓewa da daddawa da barkono su shekara ba abin da ya same su. Can garin tuwo yana dunƙulewa, gishiri yana jiƙewa, yaji yana kamawa, kilishi ya yi laushi, wake ya yi ƙwari da wuri. Komai a kwalba ko roba mai murfi, a sayi kaɗan. Gyaɗa da masara da ƙuliƙulin da suka yi funfuna a zubar, kada a ce za a wanke a shanya, gubar da ke ciki tana taɓa hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ba za ki rasa kayan gida ba, akwai unguwar Hausawa ta Bogobiri da masallacinta da mahautanta da masu tsire, ga Kasuwar Watt, sai dai kayan arewa da tsada. Kifi da manja da ganye kuwa za ki ci ki more.

Sauro shi ne abin da na so a ce Umma ta fi tsoro. Namu yana da lokaci, ya yi ƙarfi da damina da kaka, ya lafa da rani. Na can ba ya hutu. Gidan sauro ga kowa kowane dare, raga a tagogi, kada a bar ruwa ya kwanta a bokiti ko tsohuwar taya. Yaro ya yi zazzaɓi, a gwada jini kafin a ba da magani. A ɗaya ɓangaren, sanƙarau da yake tayar mana da hankali a watannin zafi da ƙura ciwon yankinmu ne na Sahel, bai cika addabar gaɓar teku ba.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Ba zan kwashe kaya gaba ɗaya ba, ba kuma zan ƙi zuwa ba. Dogon hutun makaranta yana faɗawa ne ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da ruwan Kalaba ya fi tsanani. Ki ɗauki yaran da jaka biyu ku je hutu. Gani ya kori ji: za ki ga gidan a mafi munin lokacinsa, ki ga bangon da ke jiƙewa, ki ga yadda ƙirjin yaro yake amsawa. Ki riƙe ɗan littafi, duk daren da ya yi tari ko ya nemi abin shaƙa ki rubuta, ki kawo wa likitansa idan kun dawo. Idan abin ya yi kyau, a yi ƙaura a farkon Janairu: hanya a bushe, kaya ba za su jiƙe a mota ba, zango na biyu yana farawa, hayaniyar kanibal, wato babban bikin raye-rayen titi da garin yake yi a Disamba, da tsadar da yake jawowa sun wuce, kuma yaro ya tsallake sauran hunturun bana. Idan kuma ya nuna bai karɓi wurin ba, kina da hujja a rubuce da za ki nuna wa mijinki, ba wai Umma ta ce ba, sai a sake gida ko a sake lissafi.

Ita kuma Umma, ina zargin ruwan sama ba shi ne duka damuwarta ba. 'Yarta da jikokinta za su koma inda ba za ta hau Adaidaita ta je ta gan su ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ke ce za ki yi ta jayayya da ita a kan digiri da milimita ba. Maigida ya zo da kansa ya durƙusa ya yi mata bayani, ya gaya mata hutu za a fara zuwa, ya faɗi asibitin da aka buɗe wa yaro kati, ya yi alkawarin lokacin da za ku riƙa zuwa gida, ko da Babbar Sallah ce da dogon hutu. Idan da hali ya gayyace ta ta zo ta ga wurin a Janairu ko farkon Fabrairu, kafin ruwa ya kankama. Kafin nan ki gaya masa ya fito da takalman nan daga ƙarƙashin gado, ya ja gadon ya dubi bangon da ke bayansa, ya ɗauko miki hotonsa a waya.